Ina Za Mu Kai Yaron?

Karatu: Markus 9:14-29

Sa'anda Ubangiji Yesu ya sauko daga bisan dutse tare da Bitrus da Yaƙub da Yohanna, ya tarar da sauran almajiransa a tsakiyar babban taro, malaman Attaura suna ta yi masu gardama. A cikin taron nan akwai mutum ɗaya wanda gardamar ba ta dame shi ba. Shi dai ɗansa ya kawo. Luka ya gaya mana yaron nan shi ke nan gare shi, ba shi da wani. Yaron ba ya magana. Abin ya kan buga shi da ƙasa, bakinsa ya yi ta kumfa, ya yi ta cizon haƙora, jikinsa ya sandare. Uban ya riga ya roƙi almajirai, sun gwada, sun kasa. Yanzu ga manya suna ta musu, ga yaro a gefe, ba mai-dubansa.

Da aka kawo yaron, ya faɗi yana birgima. A nan ne Ubangiji ya yi wani abin da mu kan karanta mu wuce. Kafin ya tsawata wa kome, sai ya juya wurin uban, ya tambaye shi tsawon lokacin da yaron ya yi cikin wannan wahala. Uban ya ce tun yana ƙanƙane ne, ya kuma ba da labarin yadda yaron ya sha faɗawa cikin wuta da cikin ruwa. Shi wanda ya san abin da ke cikin zuciyar kowa, me ya sa ya yi tambaya? A ganinmu ya yi ta domin uban ya sami bakin faɗin abin da ya daɗe yana ɗauke da shi, domin taron kuma su ji yawan shekarun da gidan nan ya yi ba barci. Ku tuna da uwar yaron, wadda ba a ko ambace ta ba. Shekara nawa ta yi ba ta iya hura wuta ta juya baya, ba ta iya tafiya rafi da shi?

Tambayar nan mu ke so mu yi a wannan wata a kan 'ya'yanmu waɗanda hankalinsu ko zuciyarsu ke ciwo. Tun yaushe abin ya ke tare da mu? Ƙaruwa ya ke yi, ko kuwa idonmu ne ya buɗe? In kuma ya sami yaro a gidan mai-bi, ina za a kai shi?

Dattawa da yawa su kan ce, "A zamaninmu ba mu san wannan ba. Yaro ya ci tuwo, ya tafi gona ko kiwo, ya dawo ya kwanta. Ina yaro ina damuwa?" Muna girmama furfura, amma bari mu tuna masu da wani abin da su ko iyayensu suka gani da ido. A shekara ta 1929 aka buɗe wurin jiyyar kutare a Garkida. A ƙarshen shekarun 1930 kuma 'yan mishan suka karɓi aikin kutare a lardunan Kano da Katsina da Sakkwato, inda aka san wuraren da sunan Yadakunya da Babbar Ruga da Amanawa. Maganin lokacin nan allurar wani mai ce, zafinta da yawa, warkarwarta kaɗan. Yawancin waɗanda suka zo, sai da ciwo ya ci yatsu tukuna. Amma da ƙwayar dafson ta shigo wajen 1950, aka kuma soma raba ta a ƙananan ɗakunan magani na ƙauyuka, sai ga mutane dubbai suna fitowa, har da yara masu ɗan tabo guda a baya wanda riga ta rufe. Littattafan asibiti suka cika da sunaye. Wanda ya dubi littattafan kaɗai sai ya ce kuturta ta yi yawa a ƙasar. Ashe tana nan tun dā a ƙuryar ɗaki. Magani ne ya zo, kunya ta ragu, kowa ya kawo nasa. Sunan Yadakunya ma kaɗai ya ishe mu wa'azi.

Mu riƙe wannan, gama zai taimake mu mu gane lissafin da za mu kawo yanzu.

Abin Da Aka Ƙirga A Ingila

Ba kowace ƙasa ta ke ƙirga yaranta a kan wannan ciwo ba. Ingila ta yi, sau da sau, shi ya sa za mu leƙa can tukuna kafin mu komo gida. An aiki ma'aikata gida gida suna tambayar iyaye da yara, aka tambayi malaman makaranta kuma, sa'an nan gwanayen aikin suka duba amsoshin. A 1999, cikin kowane yara 1,000 masu shekara 5 zuwa 15, an sami 97 da wahalar da ta isa a kira ta ciwo. A 2004 aka sami 101. A 2017 aka sami 112. Ƙari ne, amma kaɗan ne cikin shekara 18. Taurin kai da yawan faɗa sun tsaya kusan inda su ke. Abin da ya hau shi ne baƙin ciki da tsoro, daga 43 zuwa 58. Ya fi kuwa kama 'yan mata da suka soma girma: a 2017 kusan ɗaya cikin huɗu na 'yan mata masu shekara 17 zuwa 19 an same ta da wani ciwo irin wannan.

To, ga wani lissafi dabam. An tambayi mutanen ƙasar ko akwai ciwon hankali wanda ya daɗe tare da su ko tare da ɗansu. A 1995, cikin 1,000 masu shekara 4 zuwa 24, takwas kaɗai aka ce suna da shi. A 2014 suka zama 48. Ninki shida ke nan. Lissafi na farko ya nuna mana ciwon kansa bai ninka shida ba. Waɗanda suka yawaita su ne waɗanda suka gane abin, suka yarda su kira sunansa, suka fita neman taimako. Labarin kutare ne ya sake dawowa.

Amma kada mu yi saurin cewa duka buɗewar ido ce. Sa'anda annobar korona ta zo a 2020, aka rufe makarantu, aka tsare yara a gida, an sake auna su da wani ma'auni mai-sauƙi. Bisa ga ma'aunin nan, yaro ɗaya cikin tara ne a 2017, ɗaya cikin shida a 2020. A 2023 aka sami ɗaya cikin biyar na masu shekara 8 zuwa 16. Ido ba ya buɗewa da sauri haka. Lalle wani abu ya sami yaran. Masu-ilimi suna ta muhawara a kan dalili: waɗansu sun ce kaɗaici, waɗansu nauyin jarrabawa da talauci, waɗansu kuwa wayar hannu, wadda ta kan hana barci ta kuma sa yarinya ta riƙa auna kanta da hotunan waɗansu. Wuraren jiyya suka cika maƙil. Cikin shekara guda, daga 2022 zuwa 2023, an tura yara kusan miliyan ɗaya wurin masu-jiyyar hankali. Shekarar ta ƙare fiye da 270,000 suna nan suna jira, kusan 40,000 kuma sun yi shekara biyu ko fiye suna jira. Wannan fa ƙasa ce mai-arziki, mai-likitoci.

Akwai wani ɗan abu kuma cikin lissafin 2017 wanda za mu bukata nan gaba. Cikin yaran da aka samu da ciwo, ɗaya cikin huɗu ne kaɗai ya ga gwanin wannan aiki. Wanda aka fi kai kuka wurinsa malamin makaranta ne; kusan rabinsu can aka je.

Mu Komo Gida

Mu ba mu da irin wannan ƙidaya ta shekara da shekaru, amma ba a bar mu cikin duhu sarai ba. Tun a 1960 wani likita mai-suna Raymond Prince, wanda ya yi aiki a Aro kusa da Abeokuta, ya rubuta labarin 'yan makarantar Nijeriya waɗanda kansu ya kan yi zafi, idonsu ya dushe, su yi ta karatu ba su riƙe kome ba. Aka kira abin gajiyar ƙwaƙwalwa. A 1994 waɗansu likitoci a Ibadan suka ba da labarin yara 990 masu shekara 7 zuwa 14 da aka kawo wani ƙaramin asibiti. Da suka bincika su a hankali, sai suka tarar kusan ɗaya cikin biyar yana ɗauke da ciwon hankali ko na zuciya: baƙin ciki, ko tsoro, ko lalacewar hali. Wayar hannu ba ta shiga hannun jama'a a ƙasarmu ba sai 2001, don haka ba za mu ɗora mata wannan ba. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 a duniya yana da irin wannan ciwo, rabin ciwon hankali na manya kuwa ya kan soma ne kafin shekara 14 ta wuce. Amsar uban nan ke nan: tun yana ƙanƙane.

Yaran suna nan a zamanin kakanninmu. Sunayen da aka ba su ne dabam. Wanda ya daina magana da wasa, a ce miskili ne. Wanda ba ya iya zama wuri ɗaya, a ce ƙiriniya ce, maganinta bulala. Wanda karatu ya ƙi shiga kansa, a ce daƙiƙi ne. Mai-farfaɗiya a guje shi, wai kada yawunsa ya taɓa mutum. Yarinyar da ta ke firgita da dare, a ce iska ta taɓa ta, ko kuwa kishiyar uwarta ta yi mata sammu. Sai a nufi gidan boka ko na 'yan bori, a yi hayaƙi, a ɗaura laya, a yanka kaza. In abin ya yi tsanani, sai turu da mari. Hukuma ma ba ta da abin da ya fi haka nisa. Dokar 1916 da ta 1958 maganar tsarewa su ke yi, har a kan ajiye masu taɓin hankali a wani sashe na gidan yari. Dokar 1958 ɗin nan ta daɗe da rai ƙwarai; sai a watan Janairu na 2023 aka sa hannu a kan sabuwar doka wadda ta ke maganar jiyya da hakkin mara-lafiya.

Duk da haka an ga haske tun da wuri. A 1954 Likita Thomas Adeoye Lambo ya roƙi mutanen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro su ba marasa-lafiya masauki a gidajensu, kowane mara-lafiya tare da wani danginsa mai-kula da shi. Da rana su je asibiti, da yamma su komo cikin mutane. Ya gane mutum ya fi saurin warkewa a cikin jama'a da a bayan ƙofar ƙarfe. Mu da mu ke kiran kanmu jiki ɗaya, da ya kamata a ce mu muka riga shi gane wannan.

Ta wani gefe kuwa dattawanmu suna da gaskiya. Ko da ya ke su ma sun ga yunwa da yaƙin basasa, akwai kayan da yaran yau ke ɗauka wanda ba su ɗauka ba. A zamaninsu makaranta wurin tsira ce. A watan Afrilu na 2014 aka kwashe 'yan mata 276 daga makaranta a Chibok, da yawansu 'ya'yan ekklisiya. A 2018 aka kwashe 110 a Dapchi. A watan Disamba na 2020 aka kwashe samari fiye da 300 a Ƙanƙara, a 2021 kuma fiye da 120 daga makarantar Bethel ta Baptis kusa da Kaduna. Waɗannan an ƙirga su, duniya ta ji. Amma wa ya ƙirga ƙanen yarinyar, wanda ya ƙi komawa makaranta tun daga ran nan? Wa ya ƙirga yaron da ya kwana cikin dawa yana jin kukan gidansu, ko wanda aka haifa a sansanin gudun hijira? Yaro ba ya cewa, "Baba, zuciyata ta karye." Sai dai ka ga ɗan shekara goma ya koma fitsarin kwance. Ka ga ya shige ƙarƙashin benci in ya ji ƙarar babur. Ka ga mai-haƙuri ya zama mafaɗaci, mai-ƙoƙari ya faɗi jarrabawa, ko kuwa kullum ciwon kai da ciwon ciki, a kai shi asibiti a auna ba a ga kome ba.

Ga kuma ƙwayoyi. Maganin tari mai kodin ya ɓata samari da 'yan mata har gwamnati ta hana yinsa da shigo da shi a watan Mayu na 2018, tiramadol kuwa har gona ya bi yara. Sau da yawa mu kan ga shan ƙwayar mu yi fushi, ba mu tambayi abin da yaron ya ke so ya manta ba. Babban gida ma ya watse. Dā in uba ya yi zafi akwai ɗakin kaka, akwai goggo, akwai kawu. Yau iyali suna ɗakin haya guda a birni, uwa da uba sun fita neman abinci, yaro da waya kaɗai.

Ƙofa Ta Fari

Wuraren jiyya sun ƙaru bisa na dā, mun gode Allah. Akwai asibitin ciwon hankali na gwamnatin tarayya a Barnawa cikin Kaduna, da Maiduguri, da Kware kusa da Sakkwato. Akwai na Dawanau a Kano. Asibitocin koyarwa na Jos da Zariya da Kano suna da sashen wannan aiki. Jami'ar Ibadan tana da wurin koyar da jiyyar hankalin yara musamman. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci su gane waɗannan cututtuka su kuma yi maganin waɗanda za su iya. Amma likitocin hankali a dukan Nijeriya ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, ga mutane fiye da miliyan 200, waɗanda suka gwanance a kan yara kuwa ƙalilan ne ƙwarai. Uban da ke ƙauye ba zai fara da Barnawa ba. A Ingila mun ga malamin makaranta a ke fara gaya wa. A wurinmu ƙofar Pasto a ke fara bugawa, ko ta mai-bishara, ko ta shugabar zumuntar mata. Uban nan na cikin Markus ma almajirai ya fara samu. 'Yan'uwa, mu ne ƙofa ta fari, ko mun shirya ko ba mu shirya ba. Abin da aka faɗa wa uba a ƙofar nan shi ke sa yaro ya kai wurin taimako cikin mako guda, ko kuwa ya yi shekara biyar yana yawo.

Wani zai ce, ai Markus ya faɗi sarai ƙazamin ruhu ne ya kama yaron nan. Gaskiya ne, ba mu kuwa musun abin da aka rubuta. Amma mu duba Matta 4:24. Can an jera waɗanda aka kawo wa Ubangiji, aka ambaci masu-aljannu dabam, masu-farfaɗiya dabam, shanyayyu dabam. Littafi Mai-tsarki bai zuba su cikin ƙwarya ɗaya ba. Ubangiji ya san abin da ke gabansa, gama shi Ubangiji ne. Mu fa? Wa ya ba mu ikon duban yaro sau ɗaya mu yanke cewa aljani ne? A Yohanna 9 almajirai sun ga makaho suka soma neman mai-laifi, ko shi ko iyayensa, Ubangiji kuwa ya kawar da zancen laifin gaba ɗaya. A Markus 5 mutanen garin sun sha ɗaure mutumin nan na makabarta da sarƙa da mari, ba su kuwa warkar da shi ba. Ba inda muka karanta Ubangiji ya ɗaure mara-lafiya, ko ya buge shi, ko ya hana shi abinci.

A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa cikin Kaduna, suka fito da mutane fiye da 300, da yara a cikinsu, waɗansu da sarƙa a ƙafa. Kada wani mai-bi ya ce wannan aikin waɗansu ne. A shekarar nan ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da labarin wuraren da ta zaga a Nijeriya, ta kuwa sami sarƙa a gidajen addu'a na Kirista kamar yadda ta samu a sauran wurare. Akwai abin da ya fi wannan muni. A waɗansu ikilisiyoyi a kan tsayar da yaro a gaban jama'a a ce maye ne, ko ɗan ƙungiyar asiri, a matsa masa har ya amsa abin da bai yi ba. Yaron da ke cikin tsoro zai amsa kome domin a bar shi. Abin ya kai har Jihar Akwa Ibom ta yi doka a 2008 ta hana kiran yaro maye. Ku karanta surar nan tamu har ƙarshe. A cikinta ne Ubangiji ya ɗauki ƙaramin yaro ya rungume shi a tsakiyar almajirai, a cikinta ne kuma ya yi maganar dutsen niƙa da teku a kan wanda ya sa ƙaramin yaro tuntuɓe. Wanda ya ke da hannu cikin irin wannan aiki, bari ya ji tsoro ya tuba.

Addu'a fa? Ubangiji da kansa ya nuna wa almajirai rashin addu'a ne ya sa suka kasa. Ba mu rage wa addu'a ko ƙwaya ɗaya ba. Amma sa'anda annabi Iliya ya gaji har ya roƙi mutuwa, Allah ya bar shi ya yi barci, ya ba shi abinci da ruwa har sau biyu, kafin ya yi masa magana. Ishaya ya sa aka ɗora wa sarki Hezekiya curin ɓaure a kan marurunsa, bayan Allah ya riga ya yi alkawarin warkarwa. Luka, wanda ya rubuta mana bishara, likita ne. Wane mai-bi ne ya taɓa cewa shan maganin zazzaɓi rashin bangaskiya ne? Ƙwaƙwalwa ma gaɓa ce ta jiki, Allah ne ya yi ta, ta kan kuwa yi ciwo kamar hanta da huhu. Wanda ya ce wa uwar mai-farfaɗiya ta zubar da ƙwayoyin ɗanta domin ta nuna bangaskiya, in yaron ya faɗa wuta, jininsa a hannun wa?

Mun san wata yarinya 'yar shekara 14 wadda iyayenta suka gudo da ita bayan an kai wa ƙauyensu hari. Ta daina magana, ta daina cin abinci sai an matsa mata. Aka yi mata addu'ar kwana uku, mutane sun kewaye ta suna ɗaga murya, ita kuwa sai ƙara dunƙulewa ta ke yi. Akwai wata tsohuwa a zumuntar mata, ba ta ko iya karatu ba. Ta ce wa uwar, "Ki turo mani ita ta taya ni ɓarar gyaɗa." Kwana da kwanaki suna zaune a tabarma ɗaya, ba mai-cewa kome. Ran nan tsohuwa ta ce, "'Yar nan, tun yaushe rabonki da barci?" Yarinya ta ce, "Kaka, tun ran da na saki hannun ƙanena." Ashe suna gudu ne da dare hannunsa ya suɓuce daga nata, ba a kuwa sake ganinsa ba. Wata bakwai tana ɗauke da wannan, tana ganin ita ta kashe shi, ba wanda ya tambaye ta. Tsohuwa ba ta yi mata wa'azi ba, sai ta rungume ta suka yi kuka tare. Da izinin yarinyar ta gaya wa iyayen da Pasto, Pasto kuma ya raka uban suka kai ta asibiti, inda wata ma'aikaciya ta riƙa zama da ita suna magana. An ɗauki watanni. Ta koma makaranta, ko da ya ke har yanzu akwai daren da ba ta runtsawa.

Tambayar tsohuwar nan ita ce ta Ubangiji, kowa kuwa yana iya yinta. In an kawo maku yaro, ku zaunar da iyayen ku tambaya. Yaushe ya soma? Me ya faru a lokacin? Yana ci, yana barci? Akwai wanda ya ke taɓa shi ko ya ke tsorata shi? Ku ji daga bakin yaron kansa kuma, ba a gaban taro ba. Abin da kuka ji kada ya hau bagadi da sunan roƙon addu'a. Yaron da aka tona asirinsa sau ɗaya ba zai ƙara buɗe baki ba. In baƙin ciki ko tsoro ya wuce makonni ya hana shi makaranta da wasa, in yana jin muryoyi ko yana ganin abin da ba kowa ke gani ba, in yana faɗuwa yana shure-shure, ku yi addu'a tare da su sa'an nan ku ce, "Gobe za mu tafi asibiti." Mai-farfaɗiya in ya faɗi, a janye shi daga wuta da ruwa, a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali a baki, yawunsa ba ya sa wa kowa ciwo. In kuwa yaro ya ce gara ya mutu, kada ku yi dariya, kada ku tsawata. Ku tambaye shi sarai ko yana tunanin kashe kansa, gama tambayar ba ta sa masa tunanin. Kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da maganin ƙwari da na ɓera daga gidan, a kai shi wurin likita ran nan.

Iyaye, ku ma kada kunya ta ɗaure ku. Mun san abin da ku ke tsoro: kada a ce akwai hauka a gidan wane, 'yan matan gidan su rasa miji. Uban nan ya faɗi nasa a gaban taro da malaman Attaura. Bangaskiyarsa ma rabi da rabi ce, shi da bakinsa ya faɗa, Ubangiji kuwa bai kore shi ba. Ya kama hannun yaron ya tashe shi, Luka kuma ya ƙara da cewa ya mayar da shi ga ubansa.

Sauran magana ta dattawan ekklisiya ce. Jiyyar irin wannan ciwo ba ta zuwa ɗaya ba ce. Likita zai ce a dawo bayan mako biyu, a sake dawowa bayan wata, maganin farfaɗiya kuwa a kan sha shi shekaru ba fashi. A nan ne yawancin iyaye su ke karaya, gama kuɗin mota ya ƙare. A taronku na wannan wata ku kira malaman makarantar Lahadi, ku tambaye su wane yaro ne ya daina zuwa, wane ne ya ke zuwa amma ya daina magana. Ku aiki mutum ɗaya ya je asibiti mafi kusa ya tambayo ranar da a ke ganin masu irin wannan ciwo da abin da a ke biya. Sa'an nan ma'aji ya buɗe sabon layi cikin littafin baiko, ya rubuta kuɗin mota na mutum uku: yaron, da uwarsa ko ubansa, da wanda ekklisiya za ta aika ya raka su.